Shin Boko Yana Fitar Da Mutum Daga Talauci? Fashin Baƙi Kan Karatu, Rufin Asiri Da Ɗaukar Nauyin Wasu

Shin har yanzu karatu yana fitar da ɗan talaka daga talauci, ko kuwa zancen ya zama tarihi? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsada, wannan tambaya take ta kai-komo a majalisun matasa, da shagunan aski, da shafukan Facebook na 'yan Arewa. Wasu na cewa boko yaudara ce, hujjarsu ita ce mai digirin da ke jan A Daidaita Sahu a unguwarsu. Wasu kuma na cewa ka duba gidajen da asirinsu ya rufu a kowane gari, za ka tarar akwai ɗa ko 'ya da suka yi karatu suna riƙe da su.

Akwai tambaya ta biyu da ke manne da wannan, wadda ba a cika yin ta a bainar jama'a ba: wanda karatun ya fitar, wane haƙƙi waɗanda ya baro a baya suke da shi a kansa, kuma ta yaya zai sauke shi ba tare da ya koma gidan jiya ba? A ganina ba a raba tambayoyin nan biyu, domin a ƙasarmu da wuya ka ga ɗan talakan da ya kammala karatu ba tare da wani ya tallafe shi a wani mataki ba.

Wane talauci, wane ilimi?

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana auna talauci ta hanya biyu. Ta farko ita ce ta kuɗi. A binciken da ta yi a 2018 zuwa 2019, duk wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai naira 137,430 ba an lissafa shi a matalauta, kuma kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya, wato kusan mutum miliyan 83, suka faɗa ƙarƙashin wannan layi. A Sakkwato da Jigawa da Taraba adadin ya haura kashi 87, a Legas kuwa bai kai kashi 5 ba.

Hanya ta biyu ta fi faɗi. Ana duba ko gida yana da ruwa mai tsafta, da makewayi, da abinci mai gina jiki, da asibiti a kusa, da yara a makaranta. Da wannan ma'auni ne rahoton Nuwamban 2022 ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100, suna cikin talauci, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Rashin karatu yana cikin abubuwan da ake ƙirgawa a wannan ma'auni, ke nan shi kansa talauci ne, sannan kuma yana haifar da wani talaucin.

Ilimin da ake nufi a nan kuwa ya fi takardar shaida. Iya karatu da rubutu da lissafi ne, da wata ƙwarewa da wani zai yarda ya biya kuɗi dominta. Rufin asiri kuma shi ne mutum ya iya ciyar da gidansa, ya biya haya da kuɗin makaranta, sannan idan rashin lafiya ta faɗo tsakar dare ya iya kai marar lafiya asibiti ba tare da ya sayar da gona ko ya ci bashi ba. Da yawa daga cikin masu albashi ba su kai wannan matsayi ba, ko da dangi suna yi musu kallon masu hali.

Abin da alƙaluma suka nuna

A cikin wancan bincike na 2018 zuwa 2019 an kasa gidaje gwargwadon karatun mai gida. Inda mai gida namiji bai yi makaranta ba ko bai gama firamare ba, kusan kashi 66 cikin 100 matalauta ne. Inda ya gama firamare, kusan kashi 41. Inda ya gama sakandare, kashi 25. Inda ya wuce sakandare, kusan kashi 18. Masu bincike a Bankin Duniya da suka tattara nazarce-nazarcen ƙasashe da yawa su ma sun gano cewa kowace shekara guda ta ƙarin karatu tana ƙara wa abin da mutum ke samu kimanin kashi 9 zuwa 10 cikin 100.

A lura da inda babban tsallen yake. Tsakanin wanda bai yi karatu ba da wanda ya gama sakandare ne aka fi samun tazara mai yawa, tun kafin a zo maganar jami'a. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manomin da ya iya karanta abin da aka rubuta a jikin robar maganin feshi ya san adadin da zai zuba, ba zai ƙone gonarsa ba. Mai shagon da ya iya lissafi yana rubuta bashi, ya kuma iya bambance saƙon banki na gaske da na 'yan damfara. Uwar da ta yi karatu ta fi kai yaro riga-kafi, ta fi gane yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari idan gudawa ta kama shi, kuma kuɗin da ba a kashe a jinya ba kuɗi ne da ya zauna a gida. Sannan akwai ƙofofin da ba a shiga sai da takarda: makarantar koyon jinya da ungozoma, aikin koyarwa, aikin ɗan sanda, aikin soja. Yarinyar da ba ta da sakamakon sakandare mai kyau ba za ta taɓa zama ungozomar asibiti ba, komai basirarta.

Amma kashi 18 ɗin nan ma ba a share shi. Ma'anarsa ita ce, cikin gidaje biyar na waɗanda suka yi karatu mai zurfi, kusan ɗaya yana cikin talauci. Karatu yana rage haɗarin faɗawa talauci ƙwarai da gaske, amma bai zama lamuni ba.

Inda masu cewa boko yaudara ce suka yi gaskiya, da inda suka kauce

Ba a banza matasa suka yanke ƙauna ba. Labarin da aka rene mu da shi na wani zamani ne. Lokacin da Kwalejin Katsina take yaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gida marar sarauta ya zama malamin makaranta a Bauchi kafin ya zama Firaminista, masu karatu ƙalilan ne, aiki kuma yana jiran su. Marigayi Ɗan Masanin Kano, Yusuf Maitama Sule, ɗan baran Madakin Kano Mahmudu ne, kuma Madakin ne ya sa shi makarantar elementare ta Shahuci. Daga nan ya zama malami, ya zama minista, ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. A wancan lokaci hanyar a miƙe take: ka shiga makaranta, ka fito, a ba ka aiki.

Yau jami'o'i da kwalejoji suna yaye dubban ɗaruruwa duk shekara, masaƙun Kano da Kaduna da suka taɓa ɗaukar dubban ma'aikata kuwa mafi yawansu sun rufe. Wanda ya samu aikin gwamnati ma, mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne, a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Ɗalibin da ya shiga jami'ar gwamnati gab da 2020 ya zauna a gida wata tara a yajin aikin malaman jami'a na 2020, ya sake zaman wata takwas a na 2022. Sa'ansa da ya shiga kasuwa ya riga ya yi aure.

Babbar matsalar ma ta fi wannan zurfi, ita ce yara suna zuwa makaranta amma ba sa koyo. Bankin Duniya ya kiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 masu shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, sama da 21,000 ba su kai makin da aka gindaya ba. An yi ta ce-ce-ku-ce kan yadda aka yi jarrabawar da korar da ta biyo baya, amma babu wanda ya musanta cewa akwai ajin da malami da ɗalibi duk suke lalube. Yaron da ya shekara goma sha biyu a irin wannan aji ya fito da takarda bai iya rubuta wasiƙa ba, idan ya ce an yaudare shi, gaskiya ya faɗa.

Inda suka kauce shi ne wurin gwadawa. Ana ɗauko attajirin Kantin Kwari da bai yi boko ba a jera shi da mai digirin da ya fi kowa shan wahala. Ba a kawo ɗaruruwan 'yan dako da masu tura kura da ke kasuwar nan, waɗanda su ma ba su yi boko ba. An kuma manta cewa attajirin ya yi nasa karatun: shekaru ya yi yana yaron shago, yana koyon kaya da ciniki da riƙon amana, kafin ubangidansa ya yaye shi da jari. Kuma ka bincika inda 'ya'yansa suke karatu yau. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ma, wanda ya iya karatu shi ne ke bin bayanin sabuwar waya a intanet ya gyara abin da ya gagari na kusa da shi. Rigimar digiri ko sana'a a wurina ɓata lokaci ce, domin sana'ar zamanin nan ba ta tafiya sai da karatu, karatun da babu ƙwarewa a cikinsa kuma ba ya ciyar da gida.

Me ke kayar da ɗan talaka a hanya?

A takarda, karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas, bisa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004. A zahiri kuwa akwai kayan makaranta, da takalmi, da littattafan rubutu, da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, da tsintsiya, da kuɗin tara. Akwai kuma wani kuɗin da ba a gani. Ka ɗauki yarinya 'yar shekara goma sha biyu da ke ɗaukar farantin awara ko dafaffiyar gyaɗa da safe. Abin da ta dawo da shi da azahar, shi ake sayen garin tuwo da manja na dare, abin da ya yi saura a zuba a adashen kayan ɗakinta. Ranar da ta tafi makaranta, gidan ya yi asarar cinikin ranar. Uwarta ba ƙiyayya take yi da boko ba, lissafin tukunya take yi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wannan gida ba shi da na cikin.

Shi ya sa alƙaluman yaran da ba sa makaranta suka ƙi sauka. Asusun UNICEF ya daɗe yana ambaton miliyan 10.5, hukumar UNESCO kuma a 2022 ta kiyasta kusan miliyan 20 idan aka haɗa da 'yan shekarun sakandare. Satar ɗalibai a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024 ta ƙara sa iyayen karkara janye 'ya'yansu.

Wanda ya daure kuma, akwai mashigai sanannu da yake faɗuwa: shiga babbar sakandare, kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO, fam ɗin JAMB, sai kuɗin rajistar shekarar farko. A 2023 da jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, mun ga yadda ɗalibai suka riƙa neman taimako a shafukan sada zumunta don kada su ajiye karatu. Sau da yawa abin da ke raba yaro mai hazaƙa da makomarsa bai kai kuɗin da wani ke kashewa a walimar suna ba.

Gwamnati ta ɗan taɓuka a nan. Asusun NELFUND da ya buɗe a Mayun 2024 yana ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati bashi marar ruwa, ya biya makaranta kai tsaye, ya ba ɗalibi naira 20,000 a wata, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Shirin AGILE na Bankin Duniya yana ba iyayen 'yan mata ɗan tallafi don su bar su a sakandare a jihohi irin su Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno. Amma bashin ɗalibai sai wanda ya riga ya isa ƙofar jami'a yake amfana da shi, mafi yawan 'ya'yan talakawa kuwa tun a baya suka zube.

Wanda ya tsallake, da nauyin da ke jiransa

Yanzu a ce yaro ya tsallake duk wannan, ya samu aiki. Ranar da albashi ya shigo, kafin la'asar wayarsa ta ɗauki zafi. Inna na buƙatar maganin hawan jini. Ƙanwa za ta yi aure, ana jiran gudunmawar kayan ɗaki. Matar yaya ta haihu, babu ragon suna. Kawu ya aiko a taimaka da taki. Duk buƙatun gaskiya ne, kuma duk masu neman suna da hannu a tashinsa, domin wata ta sayar da akuyarta lokacin da zai yi rajista, wani ya ba shi masauki shekara huɗu. Kafin goma ga wata ya koma cin bashi a wurin mai shagon unguwa.

Ra'ayi ya rabu biyu a kan wannan. Wasu 'yan boko sun ɗauki layin cewa kowa tasa ta fisshe shi, sai su canza lambar waya, su daina zuwa gida sai da Sallah. Wannan butulci ne, kuma yana ƙara wa mutanen ƙauye hujjar cewa boko na raba ɗa da iyayensa. Wasu kuma suna ganin duk abin da ɗa ya samu na dangi ne, idan ya ce babu, ya zama marowaci. Wannan ma yana da illa da ba a faɗa: mutum ya yi aiki shekara talatin da biyar bai mallaki fili ba, ya yi ritaya 'ya'yansa ba su gama karatu ba, sai talaucin da aka ce an fita ya dawo ta kansu. An raba albashi ɗaya wa mutum ashirin, kowa ya samu na yini biyu, babu wanda ya fita.

Addini bai bar wannan a duhu ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce hannun sama ya fi hannun ƙasa, ya kuma ce mutum ya fara da waɗanda ciyar da su ke wuyansa. Da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya so yin wasiyya da mafi yawan dukiyarsa, sai ya tsayar da shi a sulusi, ya nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. Ke nan tanadi domin iyali ba rowa ba ne. Iyaye da mata da 'ya'ya wajibi ne, ba a jinkirta su. Abin da ya wuce nan kuwa yana buƙatar tsari, kuma cin bashi mai ruwa domin a fita kunyar biki ba taimako ba ne.

Taimakon da ke haifar da wani mai taimako

Abin da nake gani ya fi amfani shi ne, bayan an cire wajibai da agajin gaggawa irin na rashin lafiya da yunwa, a tattara sauran ƙarfin a kan mutum ɗaya ko biyu har su tsaya da ƙafafunsu. A zaɓi ƙane ko 'yar yaya mai himma, a riƙe karatunta daga babbar sakandare har ta fito ma'aikaciyar jinya, ko a kai yaro wurin mai haɗa sola ko mai walda, a biya kuɗin koyo, ranar yaye a saya masa kayan aiki. Bayan shekara biyar gidan yana da masu samu biyu, wayar da ake bugowa ta rabu. Sharaɗin shi ne a kai ƙarshe. Ɗaukar yara biyar a saki a aji biyu na jami'a ya fi rashin ɗauka ciwo. Yana da kyau kuma a zauna da dangi a faɗa musu shirin a fili, domin wanda aka hana kuɗin anko ya san inda kuɗin ya tafi. Kada a tsallake 'ya'ya mata a wannan zaɓe. A wancan binciken na Hukumar Ƙididdiga, gidajen da mace mai karatun gaba da sakandare ke riƙe da su, talauci a cikinsu bai kai kashi 6 cikin 100 ba.

Wanda Allah ya buɗa wa fiye da haka, akwai zakka da waƙafi. Zakkar kuɗi kashi biyu da rabi ce cikin 100 idan dukiya ta kai nisabi ta kuma shekara, kuma malamai da dama sun halatta a ba ɗalibi matalauci, har da ɗan'uwan da ciyar da shi bai wajaba a kanka ba. Amma yadda wasu ke raba ta, a tara jama'a a ƙofar gida a miƙa wa kowa abin da ba zai kai shi gobe ba, ba ya fitar da kowa daga layin karɓa. Waƙafi kuwa, wato a tsayar da gida ko shago ko gona a ce kuɗin hayarsa na karatun marayu ne har abada, shi ya riƙe Jami'ar Azhar ta Masar ɗaruruwan shekaru. Jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da waƙafi, sai dai al'adar ba ta kama jiki ba tukuna a tsakanin masu matsakaicin hali.

Muna da misalai a gida. Marigayi Alhaji Aminu Ɗantata yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa Jami'ar Al-Qalam a Katsina, Aliko Ɗangote kuma ya gina ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello. Amma wanda ya fi kama da batunmu shi ne Zannah Mustapha, lauya a Maiduguri, wanda a 2007 ya buɗe makaranta da marayu 36, yana ba su karatu da abinci da kayan makaranta kyauta. Da rikicin Boko Haram ya tsananta, ya karɓi 'ya'yan waɗanda aka kashe daga kowane ɓangare ya zaunar da su aji ɗaya. A 2017 Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Ba hamshaƙin attajiri ba ne, karatunsa da sana'arsa ne suka ba shi wurin tsayawa.

Wanda bai kai nan ba ma yana da hanya. 'Yan aji ɗaya su ashirin da ke da zaure a WhatsApp, idan kowa ya ajiye abu kaɗan duk wata, za su iya biya wa yaran tsohuwar makarantarsu kuɗin NECO duk shekara. Abu ɗaya da ke ɓata irin wannan aiki shi ne kyamara da gori. Maraya da aka ɗauki hotonsa yana riƙe da ambulan aka watsa a Facebook ya biya kuɗin da mutuncinsa, Alƙur'ani kuma ya yi gargaɗi a Suratul Baƙara kan ɓata sadaka da gori da cutarwa.

Abin da aljihun mutum ɗaya ba zai iya ba

Duk yawan masu taimako, ba za su ɗauki yara miliyoyi ba. Wannan aikin hukuma ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason daidai da wanda za ta karɓa. Shekara da shekaru hukumar UBEC mai kula da ilimin matakin farko tana kokawa cewa biliyoyin naira suna ajiye, jihohi ba su zo sun ɗauka ba saboda ba su saka nasu ba, alhali yara na zaune a ƙasa cikin ajin da babu rufi.

A nan wanda ya yi karatu yake da wani abin bayarwa da ba kuɗi ba. Shi ya iya karanta kasafin kuɗin jiharsa, ya san nawa aka ware wa ilimi da nawa aka saki. Shi ya iya rubuta takardar koke, ya iya shiga kwamitin kula da makarantar garinsu ya tambayi dalilin da malamai shida ke cikin rajista amma biyu ke zuwa. Idan 'yan bokon kowace ƙaramar hukuma suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi suka juya wa ta gwamnati baya, babu sauran mai muryar da za a saurara a kanta, kuma a can ne 'ya'yan 'yan'uwansu da ke bugo musu waya ƙarshen wata suke karatu.